Laraba Bayan La'asar

Wata bakwai ban yi barcin kirki ba.
Tun daren da kogi ya ɓalle ya shiga shinkafarmu
ya tafi da ƙanena Tanimu da kwalekwalensa,
in na rufe ido sai in ji ruwa yana hawa gado.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne.
Kawo min wanda ya ƙi tashi,
in ji tarinsa sau ɗaya, in nuna maka inda ciwon yake.
Amma ƙirjina,
na kwance, na ɗaure, na sake kwancewa,
ban ga notin da ya saki ba.

Na sha rubutu, na gode wa malam.
Na sha saiwar da Inna Hansatu ta jiƙa a ƙoƙo.
Na sayi ƙwayar barci a kemis na bakin tasha
har mai shagon ya fara kallona ta wutsiyar ido.
A majalisa in ce lafiya lau,
su ce namijin duniya, ya dake.
Dakewar ce ta kusa kai ni ƙasa.

Ranar kasuwa na shiga asibitin Auyo da ciwon kai.
Malam Sha'aibu ya ɗaura min abin awon jini,
ya duba, ya cire, bai taɓa biro ba.
Ya ce, "Yaushe rabonka da kiran sunansa?"
Ni kuwa ban ce masa an yi min rasuwa ba.
Ya ce, "Laraba bayan la'asar, bayan ɗakin allura,
akwai benci uku da tabarma.
Ba a biyan ko sisi. Ba dole ka yi magana.
Abin da aka faɗa a nan, a nan ake binne shi."

Laraba biyu ina wucewa a kan babur
kamar mai cigiyar wani gida.
A ce an ga Maikuɗi cikin masu taɓin hankali?
Ta uku, mai ya ƙare min daidai ƙofar.
Ko ni na bar shi ya ƙare, Allah masani.

Mu tara ne.
Ga Ɗanlami direba, tun haɗarin hanyar Kafin Hausa
hannunsa ke rawa in ya ga sitiyari.
Ga dattijon da bashin taki ya hana shiga mutane.
Ga malamin firamare da nake gaisarwa kullum,
ashe shi ma da ido biyu yake jin carar zakara.
Kofin shayi huɗu ne, ana sha ana miƙawa.
Da magana ta zo kaina na girgiza kai.
Aka wuce ni, ba wanda ya matsa.

Sai a zama na huɗu bakina ya ɓalle, kamar kogin.
Na ce, "Ni na aike shi.
Ni na ce ya je ya ɗauko injin kafin ruwa ya kai."

Shiru.
Wata akuya ta leƙo ta katanga, ta koma.
Dattijon nan ya miƙo min kofinsa, bai ko kurɓa ba.
Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba,
ba wanda ya ce in share.

Malam Sha'aibu ya ba ni takarda zuwa wurin likita a Haɗeja.
Na je. Zan koma.
Ban ce na warke ba.
Amma shekaranjiya ladan ne ya tashe ni,
jiya kuma na buɗe injin da aka tsamo,
na wanke laka daga cikinsa, ina kiran sunan Tanimu.

Maƙwabcina Barau, ina jin takunsa a tsakar gida ƙarfe uku na dare.
Gobe Laraba.
Zan ce ya raka ni,
babur ɗina ya saba mutuwa a hanya.