'Yar Mahauci

Ni ke fara wasa wuƙa a mayankar Garwa.
Kafin rana ta leƙo kan gada
na kwantar da bijimi biyu,
jini na tururi cikin lambatu,
yana gangarawa Binuwai ko sallama babu.
Shekara talatin ke nan.
Ban taɓa sanin jini abin ƙirgawa ba ne.

Sai Talatar nan
da Zinatu ta sulale a layin makaranta,
ba duka, ba ihu,
kamar zane ya zame daga igiyar shanya.

A asibitin Yelwa, Madam Mairamu
ta ja fatar idonta ƙasa da ɗan yatsa,
ta ce in matso.
Na matso. Fari fat, kamar tumbin da aka wanke.
Ni da ke buɗe idon akuya a kara
in ce wa mai ita, rage, ba ta da jini,
shekara goma sha huɗu 'yata na gabana
ban buɗe nata ba.

"Baba, mece ce sana'arka?"
Na ce fawa.
Ta ajiye biro, ta dube ni.
Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hanta ta Alhaji Bobbo ce, ya biya tun jiya.
Ƙoda ta mai otal ce.
Abin da ya kwana nake kaiwa gida,
a zuba mini, a zuba wa samari,
Zinatu na bakin murhu tana kwashe tuwo,
in ta zauna, romo ya rage da ƙashi.
Da safe shayi da guntun burodi.
Uwarta ta kama ta tana ɓantarar ƙasar bango
muka ce sakarci ne.
Ashe jiki ne ke roƙo da harshen da ba mu iya ba.

Wata na zuwa ya karɓi nasa, irin na mata.
Sauro na zuwa ya karɓi nasa, kullum dare.
Shi kuwa sauro ba baƙo ba ne,
a bayan katangata aka haife shi,
inda leda ta shaƙe wuyan kwalbati
ruwa ya kwanta ya yi kore.
Motar shara iyakarta kwalta,
ba ta san lungunmu ba.
Mun ce aikin magajin gari ne,
muka ci gaba da zubawa da dare.

Ranar Lahadi na ari shebur.
Na buga ƙofa tara.
Hamajoda tela ya fito, da yara biyu,
da wata tsohuwa mai ba da umarni daga kan kujera.
Mun tono takalmi wari guda, batir, gwangwanin tumatir,
katifar da ta gaji da duniya,
sannan leda, leda, baƙar leda,
irin wadda nake ƙulla wa mutane nama.
Hamajoda ya ɗaga ɗaya a kan sanda
ya ce, "Wannan ta san ka."
Ban yi dariya ba sai daga baya.

Yanzu kafin Alhaji Bobbo ya aiko
na yanke gefe na ɓoye.
Ya ce hantar ta ƙanƙance kwanan nan.
Na ce shanun bana ne.

Zinatu ba ta son hanta.
Tana taunawa tana hararata,
ta kora jar ƙwayarta da ruwa,
ta tura zogale gefen kwano, in dawo da shi.

Ruwan jiya ya sake kawo shara daga unguwar sama,
rabin kwalbatin ya koma yadda yake.
Ban mayar da shebur ɗin ba tukuna.

Da asuba, kafin in taɓa wuƙa,
nakan tashe ta in ja fatar idonta a hasken tocila.
"Baba, ni fa ba akuya ba ce."
Na sani.
Yau na ga ɗan ja-ja daga can gefe,
kaɗan ne,
ban faɗa wa kowa ba.