Agogo Biyu a Asibitin Mabera

Rajistar mai gadi ta ce Luba ta shigo biyu da rabi.
Kwamfuta ta ce ta sauka biyu da minti goma.
Ungozoma ta riƙe ƙugu:
"To, ɗiyan ga cikin Keke munka karɓe shi?"

Aka kirawo ni.
Na zaro takardar da Modi ya bari
kafin a mayar da shi Gwadabawa.
Layi ɗaya tal, da jan biro:
"Wannan umarni yana saita agogo."

Wane agogon, Modi?
Biyu ne a cikin akwatin nan.
Ɗaya na tashi in an kunna, ya mutu in an ɗauke wuta.
Ɗayan na kwance a allon ciki,
da batirinsa kamar kwabo,
yana ƙidaya shi kaɗai cikin duhu,
ba ruwansa da janareto.
Wa ke ba wa? Wa ke karɓa?
Ba ka faɗi ba.

Bayan isha'i na zauna, fanka na tura zafi.
Na buga umarnin, na kashe, na kunna.
Na sāke. Na sāke har sau tara.
Shayin Dikko ya huce a gefen linzami.

Sai na rubuta:
"Yana kwafar lokacin na farke, ya zuba wa na kwance."
Na duba, na soke "zuba",
lokaci ba gero ba ne.
"Ya rubuta wa na kwance."
Na ƙara: "Ba nan take ba.
Yakan dakata sai daƙiƙa ta juya baki, sannan ya rubuta."
Na ƙara: "Ka gaya masa da wane lokaci zai ajiye,
na duniya ko namu.
Sakkwato na gaban na duniya da awa guda.
In ya ajiye da wancan, aka karanta da wannan,
za a haifi yaro
kafin uwarsa ta iso ƙofa."

Wannan layin ma na so sokewa.
Na bar shi.

Akwai abin da ban gano ba:
na kwancen yana zamewa, daƙiƙa uku ko huɗu a yini.
Zafin garin nan ne, ko tsufan batir?
Hannuna ya so ya zaɓi ɗaya, don shafin ya yi kyau.
Na rubuta: "Ban tabbatar ba. A gwada da damina."
Na sa kwanan wata, na sa sunana, Haliru,
don wanda zai zo bayana ya san wa zai zarga.

Da na fito, ladanin Rijiyar Ɗorowa ya riga na unguwarmu.
Ban duba wayata ba.

Ran suna aka kawo mini goro biyar da takardar haihuwa.
Uku da minti goma.
Kakar ta ce ita dai ta san zakara bai yi cara ba.