Tsinken Tsire

Sallau ya shigo rumfata a Ƙofar Guga
rungume da akwatin, kamar mai kai yaro asibiti.
Ya ce, "Jiya a bikin Batagarawa ta kunyata ni.
Ana tsakar rawa, jita na kuka,
sai ɗif.
Mata suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.
Na mare ta a ƙeya, ta dawo,
kafin in kai amshi ta sake ɗaukewa."

Tsohuwar amfilifaya ce mai kwalabe,
ta girmi Sallau, ta kusa zama sa'ata.
Na jona ta. Kwalaben suka yi ja a hankali
kamar garwashin mai shayi da asuba.
Ya kaɗa, ta amsa. Ya ƙara, ta amsa.
Rabin awa, ko tari babu.
Halin ciwo ke nan, ya ga mai magani
ya nemi lungu ya hau lafewa.

Na fara da mai arha.
Na sauya wayar jita, don na sha ganin
an tara gari a kan akwati, laifin na igiya ne.
Na murɗa maɓallan ƙara ina jiran ƙarzo,
na feshe ramin jak, na zura, na zare, na zura.
Na ɗora mita ko Nefa ce ke rowa.
Yau dai ba ita ba ce. Abin mamaki ba ya ƙarewa.

Na ciro kwalbar da na adana cikin safa
tun maigidana Nomau yana da idon zaren allura.
Na dasa ta. Minti ashirin, jikin ya ɗau zafi,
ɗif.
To, kwalba ta fita zargi.

Sai na kwance bayanta.
"Lurwanu, matsa can. Hannu ɗaya a aljihu.
Kafasitocin nan riƙo gare su,
ko an kashe wuta suna ajiye da fushinsu,
sun fi kunama saurin ramuwa."

Na ɗauki tsinken tsiren daren jiya,
da sauran yaji a bakinsa.
Itace ba ya kai wa wuta gulma.
Sallau na bugun tsirkiya ɗaya, ni ina bin gida-gida:
razista, salamu alaikum. Lafiya.
Jan waya, salamu alaikum. Lafiya.
Ƙafafun soket guda tara, ɗaya bayan ɗaya
ina ƙwanƙwasawa.

Ga abin da ban gaya wa Sallau ba.
Tun bara kunnena na hagu ya koyi wannan hali.
In shiru ya faɗo, ban san na wa ne ba,
nata ko nawa.
Don haka ba akwatin nake kallo ba,
fuskar Lurwanu nake kallo.
Yaron bai san shi ne mitata ba.

Ƙafa ta shida, girarsa ta ɗaga.
Na danna, ta dawo. Na saki, ta tafi.
Na kawo tocila da gilashin Nomau:
tsaga ce a dalma, ba ta kai silin gashi ba.
Da sanyi bakinta a haɗe, lafiya lau da kowa,
zafi na zuwa ta buɗe.
Shekara nawa tana wannan tsagewa
ana marin ƙeyarta?

Na sauke fushin kafasita, na zuƙe tsohuwar dalma,
ɗigo ɗaya sabo, hayaƙin ƙaro ya tashi.
Muka lulluɓe ta da buhu don ta yi gumi.
Sallau ya kaɗa har aka kira la'asar,
mai lemo ya tsaya, mai faci ya bar taya.
Girar Lurwanu ba ta motsa ba.

Da zai tafi ya tsaya ta hagu da ni,
na ga leɓensa na motsi.
Na ce, "Amin, amin, Allah ya kiyaye hanya."
Lurwanu ya kifa kai a benci yana dariya:
"Baba, cewa ya yi nawa ne kuɗin."