Sili Ɗaya

Ranar kasuwa, Mokolo ta cika ta batse,
ina gindin dalbejiya da akwatin sifanoni,
sai ga Kwada ya turo keken hawan dutse,
akwatin allurar riga-kafi ɗaure a baya.

Ya ce, "Baba Tanimu, keken nan ya koyi gardama.
In na ce masa uku, sai ya ba ni biyar.
A hawan Mogode ya ƙi kama babban haƙori,
na sauko ina tura shi, rana na shan ƙanƙarata,
mata da goyo suna can suna duban hanya."

Na rataye shi a reshe da tsohon tif,
na juya feda da hannu, na kasa kunne.
Sarƙa na kas-kas, tana tsallen haƙora
kamar akuyar Kapsiki, ba ta zama wuri ɗaya.

Shekara talatin ina cin abinci da wannan ƙara,
don haka ban tsaya dogon bincike ba.
Na ce deraya ce. Dube ta, ta sha duwatsu,
'yan ƙafafunta biyu sun lashe sun yi tsini.
Jaka tara sabuwa, daga Marwa ta zo shekaranjiya.

Na kwance tsohuwar da makulli mai kusurwa shida,
na miƙe kunnen ƙarfen da take rataya,
na ɗaura sabuwa tana sheƙi kamar haƙorin Makka.
Na daidaita sukuru biyu masu gadin iyaka,
ɗaya kada sarƙa ta zame waje,
ɗaya kada ta kutsa wayoyin taya.

Na juya feda.
Kas-kas.
Na ɗaure, na sassauta, na sake ɗaurewa,
gumi ya gangaro mini har wuya.

Jikata Dije ke wanke mini noti a kananzir,
shekararta goma sha biyu, hannunta baƙi ƙirin.
Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Kaka,
in ka danna da ƙyar take zuwa,
in ka saki sai ta yi nawar komawa.
Ba a ƙafa ciwon yake ba, yana jijiya."

Kwada ya kau da kai yana kallon masu doya.

Na zaro wayar giya daga kubenta,
ta fito tana kuka, da jar lakar daminar bara,
da tsatsar da ta kwana a ciki ta yi gida.
Can wajen lanƙwasar ƙarshe na gan shi,
sili ɗaya ya tsinke ya miƙe,
yana kartar kube ta ciki kamar ƙaya.

Na yanko sabon kube, na buɗe bakinsa da basilla,
na ɗiga mai, ɗigo biyu, kada ƙasa ta samu abin kamawa.
Na zura waya, ta wuce sumul har ƙasa.
Na kwance sabuwar deraya, na mai da tsohuwa mazauninta,
na ja da filaya, na ɗaure,
na murɗa ɗan gangan rubu'i, na ƙara rubu'i.
Sarƙa ta hau haƙori tara, ɗaya bayan ɗaya,
ta sauko tara, ba ta ce uffan ba,
sai ɗan sautin nan mai kama da haɗiya.

Na irga wa Kwada kuɗinsa a tafin hannu,
na riƙe dala ɗari, kuɗin kube da waya.

Ya hau, ya miƙe hanyar tudu bai tsaya kan feda ba.
Ni na mai da sabuwar cikin kwalinta,
da ɗan tabon makulli da sai na yi wa wani bayani.
Silin kuwa na naɗe shi a marfin akwati.

Keke na gaba da aka kawo, na rataye shi,
na juya feda, na yi shiru,
na ce, "Dije, bar notin nan. Zo ki jiya."