Haruffa Uku

A wani lungu na Osaka, bayan shagon mai taliya,
Tsuneharu ya kwance bayan akwatin wasa.
Ƙurar shekara arba'in ta tarbe shi,
da kashin ɓera, da tsabar yen ɗari
da ta maƙale a maƙogwaron ƙarfe.

Ya kankare tsatsa da tsohon burushin haƙori.
Dalma ta narke, hayaƙinta siriri.
Jar waya ta koma gidanta,
baƙar ta yi gardama har yamma.

'Yarsa Fumie ta ce, "Baba, gilashin ya ƙone,
a sa sabo mana."
Bai tanka ba.

Ya danna. Shiru.
Sai ƙugi can ciki, kamar tsoho na gyaran murya,
ƙananan jirage suka fito jere.
A kusurwa, inda haske ya daɗe yana ci,
haruffa uku sun zauna daram,
ko an kashe ba sa tashi:
sunan wansa marigayi, da makinsa.

Ya jefa tsabar.
Hannun da ke zubar da shayi kullum safiya
ya kama sanda, ko gezau.

"A bar gilashin," in ji shi.
"Har yanzu yana gabana da dubu shida."