Sawun da Ke Cika da Ruwa

A Kusri, inda Logon ke miƙa wa Shari hannu,
muka tsince shi da asuba cikin komar Baba Mahamat.
Mutum ne, da gansakuka a sumarsa,
yana tari kamar iska ce ta shaƙe shi.

Ya ce garinsu na ƙarƙashin mahaɗar ruwa,
inda ake ƙirga shekara da ambaliya,
inda ba a san ƙishi ba, ba a san inuwa ba.
Wai leƙowa ya yi ya ga mai waƙar nan
da ke wanke kwanduna kullum da magariba,
sai ƙofa ta rufe a bayansa.
Ni ce mai waƙar.
Muryata kuwa ko akuya ba ta tsaya mata.

Gidanmu na haya ne, ɗaki shida, famfo ɗaya,
ba wanda aka binne cibiyarsa a ciki.
Akwai Madam Nelum mai kunun gyaɗa da cocin Lahadi,
akwai Jidda tela mai ido ɗaya,
da Gambo yaron gareji
wanda ya zo kwana guda, yau shekara bakwai.
Baba Mahamat ya daɗe yana duban baƙon,
shi da kogi ya ci wa 'ya'ya biyu.
Ya ce, "Ya ci biyu, ya biya ɗaya.
Ban yafe ba, amma na karɓa.
Ku ba shi tabarmar Umar."

A kasuwa aka ce tsintacciyar mage ba ta mage.
Aka ce dubi sawunsa, duk inda ya taka sai ya cika da ruwa,
dubi ƙasa, rana tsaka ba inuwa.
Jidda ya ɗinka masa riga mai faɗi
ya ce ga inuwa nan, ta yadi huɗu.

Da zafin bazara ya sauko, fatarsa ta dare kamar fadama.
Gambo ya yanka durom ya yi masa kwami,
muka raba dare kamar tuwo:
Nelum farko, tana zuba ruwa tana addu'arta,
Baba na biye, da tasa,
ni ce ta asuba.

Ba komai ne ya zo da sauƙi ba.
Ni 'yar banda ce, hayaƙi ne abincina,
shi kuma ya san kifayen da sunayensu.
Ran da ya ga tarkona cike da karfasa
ya juya baya, kwana uku bai yi magana ba.
Na ce, "Da wannan nake biyan haya."
Ya ce, "Na sani."
Har yau nan muka tsaya.
Yakan zauna nesa da wuta, yana kiran su ɗaya-ɗaya a hankali,
ni kuma na daina waƙa lokacin yanka.

Shekarar da ruwa ya hau har bakin zaure,
cikin dare muka ji murya ta ƙarƙashin ƙofa.
Uwarsa ce. Hanya ta buɗe, zuwa fitowar alfijir kawai.
Ta ce, "Su wane ne waɗannan a bayanka?"
Harshensu ba shi da kalmar.
Ya dube mu, mu biyar, ruwa har idon sawu,
Gambo riƙe da gefen rigarsa,
ya ce, "Masu zuba mini ruwa."
Shiru ya yi tsawo.
Sai ruwan ya ja da baya, taki ɗaya, ya bar mana zaure.

An ce baƙo raɓa ne.
Tamu raɓar ta kwana, ta wuni, ta shekara.
Yanzu yana da 'yar inuwa, ba ta fi kyanwa ba,
tana bin sa zuwa shago.
Jiya kuma na waiga kan hanyar kasuwa
na ga sawuna da danshi.