Sallama Huɗu

Ƙarfe tara saura kwata a Kabuga,
janareton Ilu mai walda ya fara tari.
Na kunna tsohuwar kwamfutar teburina,
ta farka, ta yi miƙa, ta buɗe ido,
amma can ƙasa, a lungun dama,
'yar alamar nan ta rataya ja a wuya.
Babu layi.

Malam Ƙaribu na kan bencin ƙarfe,
takardun fansho a cinya, ɗaure da roba.
Adaidaita biyu ya hau daga Sheka,
yau ake rufe tantancewa.
"Yaro, da sauran jira?"
Na ce, "Yanzun nan, Baba."
Yanzun nan irin ta masu gyara,
wadda ba ta san agogo ba.

Na kashe, na kunna. Shiru.
Na durƙusa bayan akwatin, gwiwa a siminti,
inda gizo na gaske ya saƙa tasa yanar,
ita kam ba ta yanke ba.
Ramin da waya ke shiga fitila biyu gare shi,
kore da ruwan ɗorawa.
Jiya har ƙifta mini ido suke yi,
yau duk sun rufe kamar an yi musu rasuwa.

Na zare kan wayar, na hura masa iska,
na mayar har ya ce ƙas.
Na buɗe baƙar tagar nan da ake rubutu a ciki,
na aika wa rauta sallama.
A ƙofar gida sau uku ake yi, mutum ya juya.
Kwamfuta ta fi mu naci, huɗu take yi,
huɗun kuma babu wanda ya amsa.
Na tambaye ta lambar gidanta,
ta ce ɗari da sittin da tara,
lambar da take raɗa wa kanta
in ta rasa mai yanka mata rago.

Zuciya ta ce laifin kamfani ne.
Amma wayar aljihuna tana sha daga rautar nan,
hotuna na shigo mata ba ƙaƙƙautawa.
Rijiya da ruwanta, ashe igiyar guga ce.

Sai na bi ta da yatsa, taƙi bayan taƙi,
ta bayan firinta,
ta ƙarƙashin tabarmar salla,
ta gefen kwalin da Mansura ta ba ni ajiya tun azumi,
har na iso ga takalman Baba.
Ɗazu ya ja bencin kusa da fanka.
Ƙafar ƙarfen ta hau ruwan cikin wayar,
ta lallatse ta kamar kilishi.
Awa guda kenan tsohon yana zaune
a kan abin da yake jira.

Na ce, "Baba, dawo kujerata, ta fi laushi."

Na yanke wurin ciwon, na fere fatar.
Silli takwas ne a ciki, murɗe biyu-biyu,
kowanne da gurbinsa a sahu:
farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi,
sauran huɗun hannuna ya haddace su.
Na zura su a sabon kai, na matse da filaya.
Wayar ta gajarta da kamu biyu,
dole tebur ya tashi ya bi ta.

Ƙas.
Koren ya farka, ruwan ɗorawa ya biyo shi.
Na sake sallama, huɗun duka aka amsa.

Sunansa ya hau allo, da hotonsa
na lokacin da gemun yake baƙi.
Ya daɗe yana kallon mutumin.
Firinta ta turo takarda da ɗuminta,
ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba.
"Wai me ya same ta ne?"
Na ce, "Daga kamfani ne, Baba."
Ya ce, "Ai haka suke, ba sa tsoron Allah."

Ya ce bari ya huta kafin ya nemi mota,
ya kama bencin da hannu biyu,
ya fara jan sa wajen fanka.